Ƙawayen dina da ranar jinya

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Jos ce, haifaffiyar Gangare, aiki ne ya kawo ni Abuja tun bayan bautar ƙasa. Shekaruna talatin da ɗaya, ban yi aure ba tukuna. Ba yabon kai ba, a garin nan an san ni. Da wuya a yi kamu ko dina ta 'yan gayu ba a turo mini kati ba. Daren Juma'a da na Asabar muna Wuse 2 ni da ƙawayena, mu ci, mu yi hira, mu yi hotuna, wani lokaci sai ƙarfe biyu ko uku nake shiga gida. Ba na shan giya, shisha ce kawai nakan ɗan taɓa. Sabon fim ba ya fitowa ban gan shi a silima ba, kuma ina son zane-zane har cikin raina, duk inda aka buɗe baje koli ina can.

Watannin baya Mama ta kwanta rashin lafiya, aka yi mata aiki a Jos, na yi sati biyar ina jinya. Na sa a sitatus, na kuma rubuta a guruf ɗinmu na mutum goma sha huɗu. Aka yi ta turo "Allah ya ba ta lafiya", shi ke nan. Babu wadda ta tako ta zo. Ɗaya ce ta turo mini kuɗi masu kauri, ita ma ba ta kira ba. Ina zaune a bakin gadon Mama ina kallon hotunansu a wurin da muka saba zama, kujerata har wata ta hau. Wadda ta riƙa kwana da ni a asibiti wata ce da muka yi sakandare tare, wadda ko sunan ɗanta ban je ba saboda ya haɗu da wata dina.

Mama ta samu sauƙi, alhamdulillahi. Da na dawo na fita daga guruf ɗin, na toshe lambobin wasu. Yanzu ba na zuwa ko'ina, ko fim na daina kallo, komai ya fita daga raina. Ga shi ɗaya daga cikinsu za ta yi aure wata mai zuwa, ta aiko a faɗa mini kuɗin anko, ya kusa rabin albashina, alhali ban gama biyan bashin jinya ba. Gwaggona ta ce dama yawon dare ne ya hana ni miji, in tattara in koma Jos. Anti, in koma ɗin? Kuma bikin nan in je ko in share?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Wanda bai taɓa shimfiɗa tabarma a barandar asibiti cikin sanyin Jos ba, yana jiran a kira shi ya je sayo magani, ba zai gane nauyin sati biyar ɗin nan ba. Kina da gaskiya ki ji haushi. Sai dai zan fara da abin da ba za ki so ji ba.

Kin sa a sitatus, kin rubuta a guruf. Ban ga inda kika ce kin ɗaga waya kin kira mutum ɗaya, kin ce mata, "Wance, ina cikin wani hali, ina so ki zo," ba. Saƙon da aka tura wa mutum goma sha huɗu kamar sallamar da aka yi wa taro ne, mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura. Kowacce tana ganin akwai wadda ta fi ta kusa da ke, ita ce za ta je. Ga shi kuma shekara da shekaru abin da suka sani game da ke bai wuce kwalliya da dariya ba. Ba su taɓa ganin ki cikin buƙata ba, kuma in za ki faɗi gaskiya, ke ce ba ki taɓa bari sun gani ba. Hausawa suka ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Ke shela kika yi.

Wannan bai wanke su ba, kada ki ce Anti ta goya musu baya. Jos ba bangon duniya ba ce. Wanda ya kama motar safe ya bi ta Keffi da Akwanga, ya haura Hawan Kibo, a cikin gari zai yi Azahar. Matan da ke yankar tikitin jirgi su je dina Kano ko Legas su dawo washegari ba za su ce hanya ce ta hana su ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, haƙƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa biyar ne: amsa sallama, gaida mara lafiya, raka jana'iza, amsa gayyata, da yi wa mai atishawa addu'a. Mutanenki sun riƙe na gayyata da hannu bibbiyu, na dubiya kuwa sun sake shi.

Amma ina so ki dubi irin garin da kika ƙulla wannan ƙawance a cikinsa. A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni, sai ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas ta tare. In aka ɗebe Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin, kusan kowa a nan zuwa ya yi, kuma kowa yana da inda yake kira gida. Ki leƙa titunan Maitama da Wuse jajibirin Babbar Sallah, wayam. Ƙawayenki kowacce tana da nata Gangaren, a Katsina ko Yola ko Gusau. Can take zuwa dubiya da gaisuwar mutuwa, domin can ne in ba ta je ba uwarta za ta kira ta yi mata faɗa. A Abuja babu mai yi mata faɗa a kanki. A unguwarku in aka kwantar da mutum, kafin Magariba maƙwabta sun ji, kulolin abinci sun fara shigowa. A nan kuwa ɗaya tana Gwarinpa, ɗaya Lokogoma, ɗaya Kubwa, kowacce a bayan get da maigadi. Ba a haɗuwa sai an sa rana, kuma sai a wurin da za a kawo bil a ƙarshe. Ki ƙirga mini: a cikin goma sha huɗun nan, su nawa suka taɓa zama a ɗakinki kina ɗaure da zanen gida, fuska ba hoda? Su nawa suka taɓa gaida Mama ko a waya? Ke kuma iyayen su nawa kika sani?

Iyayenmu mata ba su tara ƙawaye ba. Mace takan yi ƙawa ɗaya ko biyu, dangi kaf sun san su. In kin haihu ita ce a gindin murhu, in ta tashi aurar da 'ya ke ce mai riƙe mabuɗin ɗakin kaya. Gudummawar da ta kawo ana riƙe da lissafinta, ranar nata bikin a rama har a ɗora. Nauyi ne, shi ya sa ba a iya ɗaukar na mutum goma sha huɗu. Abin da kike da shi a Wuse 2 abokan zama ne, kuma ba abin zagi ba ne. Sun ɗebe miki kewa a garin da kika zo ba ki san kowa ba. Ke ce dai kika ɗora musu kayan da ba su taɓa cewa za su ɗauka ba.

Akwai mutum biyu da kika ambata a gurguje, alhali su ne abin dubawa.

Wadda ta turo kuɗi ba ta kira ba, in tana cikin waɗanda kika toshe, ki buɗe ta yau. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kowa ya san albashi ba ya kaiwa tsakiyar wata. Wadda ta ciri kuɗi masu kauri a irin wannan lokaci ta tura miki, ba ta sanar a guruf don a yaba mata ba, ba ta bi ki da "kin gani?" ba, wannan ta damu da ke. Akwai mutanen da bakinsu ke mutuwa in aka zo maganar ciwo, wasu ma warin asibiti kaɗai yana tuna musu wani rashi da ba su taɓa ba ki labarinsa ba. Ki kira ta, ba saƙo ba. Ki yi godiya, sannan ki gaya mata a hankali, "Kuɗin sun yi mini rana, amma wallahi muryarki na so ji." Daga amsarta za ki gane ko wace ce.

Ita kuwa 'yar makarantarku, bashi kika ci, kuma ba a biyan irinsa ta waya. In kin je Jos ki sayi turmin atamfa da kayan yaro, ki taka har gidanta, ki zauna ki ci abincin gidan. Ki ce mata kina sane ba ki zo suna ba, kuma kin ji kunya da kika gan ta a asibiti. Za ta ce ba komai, ai an zama ɗaya. Kada ki karɓi ba komai ɗin nan ki koma ki ɓace. Kada kuma ki mayar da ita ƙawar ranar wuya, wadda ake nema in an shiga uku, a manta da ita ranar daɗi. Wataƙila ita ma rabonta da fita shan iska tun kafin ta haihu. Abin da aka yi miki da ciwo, amma ke ma kin yi wa wata irinsa, ta zo duk da haka. In kin tuna wannan, hukuncin da za ki yanke wa sauran zai yi sassauci.

Fita daga guruf ba laifi ba ne. Toshe lamba kuwa gaba ce, kuma kin san an hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Ki buɗe su, in sun gaishe ki ki amsa da sakin fuska. Ba sai kin tara su kin karanta musu laifinsu ba. Rabinsu ma ba su san kina fushi ba, suna can suna cewa wance ta canza tun da ta dawo.

Sai batun dare. Ba zan yi miki wa'azi ba, ke ba yarinya ba ce, kin san halal kin san haram. Na san wuraren nan na titin Adetokunbo Ademola da na Aminu Kano, wanda har yau yake ba ni dariya, a ce titin da aka sa wa sunan jagoran talakawa shi ne inda farantin shinkafa ɗaya ke cinye kuɗin cefanen wani gidan. Na kuma san yadda zaman yake. Mata shida a tebur, kiɗa ya cika wuri, sai kin kai baki kunnen ta kusa da ke kafin ta ji ki. Abinci ya iso, ba mai taɓawa sai an ɗauke shi hoto. Ɗaya ta haska da fitilar waya, ɗaya ta ce a sake, lallenta bai fito ba. Yaro ya zo ya canza garwashin shisha. Kowacce ta sunkuya tana duba wa ya kalli abin da ta ɗora. A kawo bil, a yi shiru, a fara lissafin wa ya sha me. An shafe awa huɗu tare, amma da za a tambaye ki me ke damun wadda ta zauna a damanki, ba ki sani ba. A irin wannan zama ba a sanin mutum, ko shekara goma aka yi ana yinsa. Shi ya sa ban ga ƙiyayya a rashin zuwansu ba. Ba su san ki ba ne, ke ma ba ki san su ba.

Shishar da kike ce wa "kawai" taba ce da aka yi wa ƙamshin tuffa. Ruwan da hayaƙin ke bi sanyaya shi yake yi, ba ya tace gubar, ga kuma hayaƙin gawayi a kai. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya mai shan shisha na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Sannan ba a gabanki ake haɗa tukunyar ba. Ki bar ta. Shiga gida ƙarfe uku ma ki sake lissafi: a garin da ake kukan 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, da rana tsaka, mace ita kaɗai a kan titi a wannan lokaci ta sayar da ranta. Kuma wadda ta kwanta ƙarfe uku, ni da ke mun san yadda Asubarta ke kasancewa. Ban ce ki kulle kanki ba. Ki je ki ci gasasshen kifin Barikin Abacha, ki zauna bakin tafkin Jabi da yamma, amma ki sa wa kanki lokacin tashi, ki kuma faɗe shi tun kafin a zauna. Satin farko za su yi miki tsiya su ce kin zama Ustaziya, bayan nan su saba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce komai ya fita daga ranki. Gajiyar jinya da ɓacin rai suna sa haka, ya kuma wuce da kansa. Amma in aka haura sati biyu kullum kina cikin ƙunci, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, abin da kike so da can ba ya burge ki, to likitoci suna ɗaukar waɗannan alamun ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Ki je ki ga likita ki gaya masa yadda kika gaya mini. Ba raunin imani ba ne, ba kuma hauka ba.

Fim da zane kuwa, me suka yi miki? Su ai ba su ƙi zuwa Jos ba. Kuɗin goro kika yi musu da ƙawayen, don kullum tare kike ganinsu. Ina ma zargin ba ki taɓa morar su yadda ya kamata ba. Daren buɗe baje koli shi ne lokacin da ba a kallon zane: kowa ya juya wa zanen baya yana fuskantar kyamara, mai zanen na tsaye a gefe, ba wanda ya tambaye shi komai sai "nawa ne wannan?" Ki koma ranar Talata da rana, lokacin da babu kowa sai mai tsaron wurin. Ki zaɓi zane ɗaya ki tsaya a gabansa, wayarki tana cikin jaka. Ki matsa kusa ki ga inda ya lafta fenti da inda ya shafa sama-sama, ki ja baya ki ga yadda abin ya haɗu ya zama fuska ko kasuwa ko hadari. Silima ma ki shiga ta rana ke kaɗai, da guggurunki, ba mai zungurin ki ya ce a yi hoto. In kin fito kin ji abin ya shige ki, to son naki ne, ba na taron ba.

Wuraren ma suna nan kusa da inda kika saba. A titin Libreville, reshen Aminu Kano ɗin nan dai, akwai Thought Pyramid mai baje kolin zane-zane, akwai kuma cibiyar al'adun Faransa da ke nuna irin fina-finan da ba sa zuwa silimar Silverbird. Wata Asabar da safe ki tafi Ushafa ta wajen Bwari ki ga mata suna ginin tukwane, in sun yarda ki sa hannu a yumɓun. Na tabbata kin sha cin dina a zauren Ladi Kwali na otal ɗin da muka fi sani da Sheraton. Kin taɓa tambayar wace ce? Ita ce matar da ke bayan takardar naira 20 tana ginin tulu. 'Yar ƙauyen Kwali ce, a gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. Daga nan tukwanenta suka kai Landan, ita ma ta zaga Turai da Amurka tana nuna yadda ake yi, kafin rasuwarta a 1984. Nawa ne cikin masu rawa a zauren suka san haka?

Ke da kike 'yar Jos ma ai gado kika yi. Gidan tarihinku tun 1952 yake, Bernard Fagg ne ya kafa shi, a nan aka adana kawunan yumɓun Nok irin waɗanda masu haƙar kuza suka riƙa tonowa. Yaushe rabonki da shiga? Yawancin 'yan garin tun ziyarar firamare, ita ma hankalinsu na kan gidan zu da ke gefe. Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, aka kuma naɗa Ali Nuhu ya shugabance ta a Janairun 2024, hedikwatarta a Jos take, tare da makarantar koyon fim ta ƙasa. Hukumar ce ke shirya bikin fina-finai na Zuma a nan Abuja. In ya zagayo, ki bar wa 'yan hoto daren jan kafet, ki je zaman rana inda ake nuna fim a tattauna. A irin wannan wurin za ki gamu da wadda za ku tsaya a bakin ƙofa kuna musu a kan ƙarshen labari har a kira Magariba, ba ta ma lura da jakar da kika riƙe ba. Irin wannan ce ke ƙarewa da "zo mu je gida mu ƙarasa".

Kuma tunda Allah ya ba ki ido, ki yi aiki da shi. Fina-finai masu dogon zango sun cika YouTube, amma yawancin abin da ake rubutawa a kansu faɗan magoya baya ne, wane ya fi wane, wance ta yi aure ta fito. Mai zama ta ce labarin nan ya karye a wuri kaza saboda kaza, waƙar nan ba ta da gurbi, hasken can ya ɓata fuskar 'yar wasa, ita ake nema. Mabiyanki na Instagram sun saba ganin ɗaurin ɗankwalinki, ki gwada ba su wannan. Wasu za su gudu, ba asara.

Maganar Gwaggo ba zan ce duk ƙarya ba ce. Mutane suna magana, kuma kin san halin mazanmu: wanda kuke gaisawa ƙarfe biyun dare a Wuse 2, shi ne zai koma gida ya ce a nemo masa wadda ba ta fita. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake. Sai dai aure lokaci ne, akwai waɗanda ko ƙofar gida ba sa leƙawa kuma suna nan zaune. Kada ki yi musu da ita, ki ce, "To Gwaggo, na ji, a ci gaba da sa ni a addu'a." Komawa Jos kuwa, kada ki yi cikin fushi. Aikin nan shi ya tsaya wa Mama, shi zai biya bashin da ya rage. In jikinta yana buƙatar ki kusa, wannan dalili ne mai ƙarfi, sai ki zauna da 'yan'uwanki a tsara, ki samu abin yi a can kafin ki ajiye na nan. In kuwa gudun ƙawaye ne, Jos ma akwai dina, akwai anko, ga gulmar da ta fi ta Abuja kaifi domin can an san gidanku. Ki dai riƙa zuwa a kai a kai, ba sai an kwantar da wani ba.

Bikin ki je, amma ban da anko. Gayyata aka ce a amsa, ba a ce a ci bashi a ɗinka leshi ba. Mai bin ki kuɗin jinya ya fi amarya haƙƙi a albashinki, kuma ba daɗi ya ga hotonki cikin sabon leshi alhali kin ce masa ya ƙara haƙuri. Tunda aike ta yi, ta san akwai 'yar tsama, nauyin kiranki take ji. Ke ki kira ta. Ki yi mata murna tukuna, ki tambayi shirye-shirye, sannan ki ce, "Kin san jinyar Mama ta taɓa ni, ba zan iya ankon ba wannan karon, amma in sha Allahu ina nan ranar kamu da wuni." Kada ki sako maganar wa ya zo asibiti wa bai zo ba. Amarya ce, kanta ya ɗauki zafi, in akwai ranar wannan magana to bayan biki ce. Gudummawa daidai ƙarfinki ki sa a ambulan ki damƙa mata a hannu. Liƙi ma ki bar shi, ga ki da hujja: sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 kowa ya ga EFCC ta kai fitattun mutane kotu a kan haka.

In ta ce, "Haba, ki zo a yadda kike," ki ɗauko atamfar da ta fi kyau a akwatinki, ki je da wuri, ki taya ta abin da ake taya amarya, ki tashi kafin dare ya yi nisa. In kuwa ta ce ba a shiga zauren sai da anko, ki yi mata fatan alheri da zuciya ɗaya, ki aika gudummawar ta hannun wadda ta kawo saƙon. Kuɗin da da za su tafi wurin leshi da tela da mai kwalliya kuma, ki kai wa mai bin ki bashi.